Ranar da Sallau Ya Kashe Gaya da Almakashi

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, gadar Malanville tana rufe, kamiyoyi, manyan motocin kaya, sun jeru a bakin hanya har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, kowa a Gaya ya koma masanin tsaro. Mai shayi masanin tsaro ne, mai faci ma haka. Amma duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafar Sallau, wanda ya raɗa wa kansa suna Shef Rezo.

Gaskiyar magana, aikin Sallau bai wuce riƙon mabuɗi ba. Wata ƙungiyar masu kamiyo da 'yan tiransit, masu fiton kaya a iyaka, tana da ɗan ɗaki a bayan bironta, wato ofishinta, da dogon ƙarfe a kansa. Daga nan ake raba intanet, wato rezo, ga shaguna da ma'aikatu wajen talatin, har da biron perfe, shugaban gundumar. Kowane mai rezo da igiyarsa a cikin ɗakin, da sunansa liƙe a jikinta. Mai sanin aikin ita ce Zeinabu, wadda ta yi karatunsa a Yamai. Sallau kuwa buɗewa yake da safe, ya share, ya goge akwatuna, ya rufe da magariba. Sai dai mabuɗin nan shi ne duniyarsa. Saboda shi 'yan fada, samarin majalisar hira, suke kafa butar shayinsu a ƙofar ɗakin, suna ba shi kofin farko don ya faɗa musu kod ɗin wifi. Saboda shi ake ce masa Shef a kasuwa. Shekara tara yana rataye da shi a wuya, ko wanka zai yi ba ya cire shi.

Ranar wata Lahadi Zeinabu ta shirya tafiya Dosso, sunan ɗan ƙanwarta. Kafin ta hau mota ta ce, “Kawu Sallau, shara da goge-goge kawai. Don Allah kada ka taɓa komi.”

Alhaji Yakuba, shugaban ƙungiyar, ya ƙara da nasa: “Ka ji dai. In wani abu ya lalace kafin ta dawo, mabuɗin nan ya bar wuyanka.”

Sallau ya yi dariyar manya. “Alhaji, ni za a koya wa rezo? Tun yarinyar ga na lakkol nike goge akwatunan ga.”

Washegari wasiƙa ta faɗo. Barira, mai shagon buga takardu, taubashiyar Sallau, ita ta fiddo ta daga ordinatarta, wato kwamfutarta, ta kawo wa Alhaji, ta fassara masa faransancin. Daga masu riƙe babban kundin lambobin intanet take. Sun ce ƙungiyar tana da lambobi rubuce da sunanta, amma rabinsu an shekara da shekaru ba a ga an yi aiki da su ba. Suna so a tabbatar musu masu lambobin na nan da ransu.

“To mi ya dame su da lambobinmu?” in ji Alhaji.

“Zeinabu ta taɓa yi mini bayani,” in ji Barira. “Kamar lambar kamiyo ce, Alhaji. In mota ta daɗe a kafe ba mai leƙa ta, ɓarawo sai shi kwance lambarta shi ɗaura wa tashi, shi tahi shi yi ɓarna da sunanka. Shi ya sa suke bin lambobin da anka bari, suna tambaya.”

“To a jira Zeinabu.”

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sallau, da ke tsaye da tsintsiya, ya jingine ta ya gyara hula.

“A jira? Alhaji, kun san lokacin da muke ciki kuwa? An rufe gada, an rufe iyaka, yanzu ta cikin igiya za a shigo muna, ku ce a jira mace ta gama cin tuwon suna? Kwana uku kawai, in ban kamo ɓarawon ga ba, ku canza mini suna.”

“Wane suna?” in ji Barira. “Wanda uwarka ta raɗa ko wanda ka raɗa wa kanka?”

Alhaji ya sake cewa a jira, ya wuce bakin kogi. Tun da aka rufe gada, can harkar kowa ta koma, ana loda buhuna cikin kwale-kwale. Sallau ya ɗauki tafiyar tasa a matsayin izini.

Dabararsa daga ƙauyensu ya taho da ita. Can, in akuya ta shiga gona ba a san mai ita ba, ba a yawon cigiya. Ɗaure ta ake yi a ƙofar Maigari. In tana da mai, kafin la'asar zai iso yana kumfar baki. In har la'asar ta yi shiru, to akuya ba ta da kowa. Sallau ya ce haka zai yi wa igiyoyi: ya zare kowace, wanda ya zo da ihu yana raye, wanda bai zo ba ya mutu, a datse igiyarsa kafin ɓarawo ya biyo ta.

Da safiyar Talata ya zari babban almakashin matarsa Ajuma daga kan keken ɗinki.

“Baban Halima, ina za ka da shi? Kayan bikin mutane ke gabana, Juma'a za su amsa.”

“Aikin ƙasa ya kira shi.”

“Ƙasa ba ta da nata almakashin?”

Ya fice abinsa. Ya samo baƙin allo ya jingine a ƙofar ɗaki, ya raba shi biyu da alli. Dama ya rubuta RAYAYYU, hagu ya rubuta MATATTU. 'Yan fada suka gyara zama, ba don sun yarda da aikin ba, sai don an daɗe ba a yi kallo kyauta ba. Ƙarfe tara daidai ya yi bisimilla ya zare igiyoyin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya bar ta 'yan fada da ta biron perfe, don ko mahaukaci ya san wuta.

Minti biyar ba a yi ba sai ga Barira, gyale a hannu.

“Sallau! Mi ka taɓa?”

“Alhamdu lillahi!” Ya juya ga allo ya rubuta sunanta a dama. “Kina raye.”

“Da can gawa ka ɗauke ni? Jiya-jiya ka ci fankena uku!”

“Wannan shaidar baki ce. Yanzu bincike ya tabbatar.”

“Takardun jarrabawar ɗiyan mutane nike aikawa, ka tsinke mini a tsakiya!”

“Ki gode Allah. Da ɓarawo ya tsinke miki, ba zai maida ba.” Ya maida mata igiyarta da yanga, kamar mai ba da sadaka.

Bayanta mai farmasi ya zo, sai mai ɗaukar hoto, sai daraktan wata lakkol, wato makaranta, da alli a gemu. Kowa ya zo da zagi, Sallau ya karɓa da murna ya rubuta shi a dama. Wanda ya fi iya zagi har tauraro yake sa masa a gefen suna. Wajen azahar layi ya kai bakin titi, har wata tsohuwa ta shiga ciki tana tsammanin shinkafa ake rabo. Da ta iso gaba ya tambaye ta sunan rezonta, ta ce ba ta da shi, amma tunda ta sha rana sai ta yi nata zagin. Ita ma ya rubuta ta.

Ladan na kiran la'asar ya ɗauko almakashi. Igiya goma sha biyu ba wanda ya zo dominsu. Goma sha ɗaya na 'yan tiransit ne da masu kamiyo, waɗanda ko jaririn Gaya ya san suna bakin kogi tun asuba, ba wanda ya leƙa bironsa. Sallau bai ga dalilin da zai sa wannan ya shafi bincike ba. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya datse su duka, ya jera sunayen a hagu.

Yana goge almakashi sai ga wani moto, wato babur, ya tsaya da ƙara. Idrisa ne, sakataren manoman shinkafa na Tanda, laka tun daga takalmi har hula, don sau biyu hanya ta kayar da shi.

“Fofo, Shef. Tun safe rezonmu ya ɗauke, ga baƙi sun zo duba fadama, ba mu iya aika komi.”

Sallau ya duba allo, ya duba agogo, ya girgiza kai da alhini. “Ka makara, Idrisa. Ka rasu tun ƙarfe huɗu.”

“Wa ya rasu?”

“Kai. Ga sunanka.”

“Irkoy beeri! Ga ni tsaye gabanka!”

“Ni ma ina ganinka. Amma allo ba ya ƙarya. Da ka so rayuwa da ka yi sauri.”

Sai da mutum uku suka riƙe Idrisa. 'Yan fada suka ba shi shayi, ɗayansu ya yi masa ta'aziyyar kansa.

Ranar Laraba da safe Sallau ya gano ɓarawon. Can ƙuryar ɗaki, bayan tabarmin salla, akwai wata tsohuwar akwati mai toka-toka da ya shekara tara yana gogewa bai taɓa tambayar aikinta ba. Wata igiya mai kauri ta fito daga cikinta ta bi bango ta haye dogon ƙarfe. Ba suna a jikinta. Abin da ke jikinta kawai jan ƙyalle ne, an ɗaure tamau.

Ya kira Barira ta zo ta ga ikon Allah. Ta leƙa, ta ja da baya.

“Sallau, jan ƙyalle ne. A garin kamiyo aka haife ka. In ka ga jan ƙyalle a bayan lodi, mi yake nufi?”

“Wannan a kan titi ke nan. Je ki bakin kogi ki gani. Masu fasa-ƙwauri da mi suke shaida buhunansu? Ƙyalle! Kowa da launinshi. Wanga ɓarawo ya shaida kayanshi, ya ɓoye sunanshi.”

“To zare ta mu gani mana, in kowa bai yi ihu ba.”

“In zare shi ji, shi gudu? Wagga gaban hukuma za a yanke ta.”

Barira ta koma shago ta ɗauki salula ta kira Zeinabu a Dosso. Shi kuwa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya nufi biron perfe. A wancan zamani kalma biyu ke buɗe kowace ƙofa, tsaro da 'yan waje, Sallau kuwa ya zuba su sau bakwai tun a bakin ƙofa. Perfen lokacin wani kapitan ne mai baƙin tabarau, wanda maganarsa ba ta wuce ta mai ciwon haƙori ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Gobe, ƙarfe goma.”

Da yamma Alhaji Yakuba ya dawo daga kogi, ya shiga bironsa ya tarar ba rezo. Ya zagayo baya, ya tsaya gaban allo, ya sa tabarau ya cire, ya sake sawa.

“Sallau, sunan wa nike gani na huɗu a hagu?”

“Naku ne, Alhaji. Allah shi jiƙan rai.”

“Ni ka kashe?”

“Ba ku yi ihu ba, Alhaji. Doka ba ta san babba ba.”

“Kawo mabuɗin nan.”

Sallau ya dafe ƙirji. “Ku amsa. Amma gobe ƙarfe goma Kapitan na tahe ganin ɓarawo. Sai ku tahi da kanku ku ce mishi kada shi zo.”

Alhaji ya janye hannu. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana ciniki da 'yan duwan, wato kwastan, na ƙasa uku, amma bai taɓa koyon yadda ake ce wa soja fasa ba. Ya ce, “Allah shi kai mu goben,” da muryar da ba ta yi kama da addu'a ba.

Alhamis ta waye an kafa rumfa. Sallau ya aro kujeru, ya sa an yayyafa ruwa a fili, ya jawo igiya mai jan ƙyalle ta taga har gaban kujerar baƙo. Almakashin Ajuma yana kan faranti, an lulluɓe shi da farin mayafi. Rayayyu sun zo, matattu ma sun zo, Idrisa a sahun gaba ya harɗe hannu. Kapitan ya iso da sojoji huɗu, ɗayansu ya ɗaga salula yana watsa taron kai tsaye da wifin fada.

Sallau ya yi jawabi. Ya faro daga ranar da aka ba shi mabuɗi, ya bi ta kan makircin 'yan waje, ya ce akwai ƙasashe bakwai da ba su barci saboda lambobin Gaya. Ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa ya gano tsagar. Ya ce bai nemi lambar yabo ba, amma in an matsa masa ba zai ƙi hukuma ba. Kapitan ya duba agogo.

“Mon kapitan, da izininku.”

Ya yaye mayafi, ya ɗaga almakashi sama don mai ɗaukar hoto ya samu. Igiya goma sha biyu sun riga sun cinye kaifinsa, sai da ya sa hannu biyu, ya cije leɓe, ya murɗa, har hula ta faɗi. Igiya ta rabu.

“Ɓarawo ya mutu!”

Mutum biyu suka tafa. Sojan da ke watsa taro ya girgiza salularsa, ya ɗaga ta sama, ya sake girgizawa. 'Yan fada, a karon farko cikin shekara uku, suka ɗaga kai daga salula suka ga fuskokin juna. Daga nan aka fara jin sa. Ƙofar farmasi ta bugu. Wani ya ƙwala kira daga wajen tasha. Daraktan lakkol ya ɓullo da gudu, bayansa masu shaguna, kowa da irin ihunsa, sai ga wani soja a kan moto daga biron perfe, ya sara ya ce rahoton da ake aika wa Dosso ya tsaya a tsakiya, ba abin da ke fita.

Kapitan ya cire tabarau. Ba wanda ya taɓa ganin idonsa sai ran nan, kuma ba wanda ya so ya sake gani.

“Bayani.”

Sallau ya dubi taron da ke ta ƙaruwa. “Mon kapitan, abin farin ciki ne. Bincike ya nuna duk suna raye.”

Daidai nan Zeinabu ta kutso cikin mutane da jakar tafiya a kafaɗa, motar asuba ta biyo. Ta dubi igiya a ƙasa, ta dubi jan ƙyallen da ta ɗaura da hannunta, ta dubi Sallau. Takaici ya hana ta ko sallama.

“Madam,” in ji Kapitan, “igiyar ɓarawo ce?”

“Igiyarmu ce, mon kapitan, uwar dukansu. Akwatin can ita ke shaida wa duniya lambobin ga namu ne, ta nan ake biyowa a same mu. Yanzu duniya ba ta ganin Gaya ko kaɗan. Da rabin lambobinmu ne ba a ji motsinsu, yau duka ne. In akwai ɓarawon da ke jira, yau anka buɗe mishi ƙofa.”

“Wasiƙar fa?”

“Ni ma an aiko mini. Tun Litinin na amsa daga Dosso, layi uku: muna nan, lambobinmu ne, ga sunana. Shi ke nan abin da sunka nema.”

Sallau ya yi ƙarfin hali. “To lambobin da anka bari, ina igiyoyinsu?”

“Ba su da igiya, Kawu. Da suna da igiya ai da ana aiki da su.”

Dariyar da aka yi har masu kwale-kwale sun ce sun jiyo ta. Kapitan bai yi ba. Ya ce, “Ke nan babu ɓarawo.”

“Babu, mon kapitan. Kawu Sallau kawai ke akwai.”

Ta shiga ɗaki ta ɗauko wata igiya a cikin kwali, kafin shayi ya tafasa rezo ya dawo, kawunan 'yan fada suka koma inda suka saba. Sauran goma sha biyun ta ce sai ta kwana biyu tana gyara. Kapitan ya maida tabarau, ya ce wa Alhaji, “Naku ne,” ya shiga mota.

Alhaji Yakuba ya miƙa hannu. Sallau ya ciro mabuɗi daga wuya, inda igiyarsa ta kwanta shekara tara ya yi fari a fatarsa. Nan ne abin ya ba da tausayi, don ya koma ɗan ƙarami cikin babbar riga.

“Alhaji, ku duba shekaruna.”

“Na duba. Ba zan zalunce ka ba, da dokarka za a yi maka. Ga shi na zare ka. Zauna can. In wani ya zo ya yi ihu dominka kafin la'asar, mabuɗi naka ne.”

Barira ta goge allo, ta rubuta SALLAU a tsakiya, ba dama ba hagu.

Ya zauna gindin dogon yaro yana kallon hanya. Azahar ta wuce. 'Yan fada sun karɓi sabon kod a wurin Zeinabu, kofin farko ya tafi ɗaki. Idrisa ya zo wucewa, ya tsaya ya ce da zai yi masa ihu, to amma gawa ba ta magana. Inuwa ta juya, ladan ya fara gyaran murya.

Sai ga ihu daga ƙarshen layi. “Baban Halima! Ina Baban Halima?”

Sallau ya yi tsalle har riga na harɗe shi. “Alhaji! Kun ji! A rubuta! Ina raye!”

Ajuma ta iso tana haki, zare a gyale. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce shi ta ɗauki almakashi a kan faranti, ta gwada shi a bakin zanenta, ya tauna bai yanka ba.

“Kwana uku ina jira! Gobe biki, ga abin da anka maida mini shi!” Ta juya ta kama hanyar maƙera tana faɗa.

Ladan ya ce Allahu akbar. Barira ta dubi Alhaji, Alhaji ya ɗaga kafaɗa. Ta ɗauki alli ta rubuta ALMAKASHI a dama, ta sa masa tauraro. Sannan ta miƙa wa Sallau allin, ta nuna masa hagu, ta ce, “Shef, rubutunka ya fi nawa kyau.”